Sabon Ƙarfe, Tsohon Tambari: Wata Gardama A Bayan Oshodi

Yau maganar ƙarfe da tsatsa zan yi, don haka waɗanda ba ruwansu da mota sai su ɗan yi haƙuri su biyo ni a hankali.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane da ba su da abin sha'awa a duniya kamar tara tsofaffin motocin soja. Wani likita ne, wani manomi, wani ɗan fansho, amma duk ɗan abin da ya samu sai ya zuba shi a kan wata jif ta Yaƙin Duniya na Biyu ko wata tsohuwar mota mai sulke da sojan ƙasarsa ya yi gwanjonta tun shekaru aru-aru. A shekarun da na zauna a Ingila na taɓa zuwa wani babban taro da suke yi a lokacin a Beltring, cikin gundumar Kent. Fili ne fetal cike da motoci da tankokin yaƙi, ga mutane sun sa kakin kakanninsu suna ta kai da kawowa, ga rumfuna ana sayar da noti da fitila da tsohon taya kamar kasuwar Kurmi. Suna da ƙungiyoyinsu, suna da mujallunsu, suna da alƙalan da ke zagayawa da tocila suna leƙa ƙarƙashin mota don su ga ko komai na asali ne.

To matsalar waɗannan bayin Allah ɗaya ce, wato kayan gyara. Masana'antun da suka ƙera motocin wasu sun rufe, wasu sun daina yin irinsu tun kafin a haifi yawancinmu. Ɗauki jif ɗin Amurka misali. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera kimanin 640,000 lokacin yaƙin, kuma da yake tsari ɗaya gwamnati ta ba su, kayan wannan yana shiga jikin wancan. Amma Ford ya riƙa buga ɗan harafin F mai lanƙwasa a jikin kayansa, har kan noti. Wannan ɗan harafi da bai kai ƙwayar gero biyu ba shi ne yau yake raba farashi. Noti mai F na asali kuɗinsa daban, noti marar F kuɗinsa daban, ko da aikinsu ɗaya ne. Da kayan asali suka yi wuya sai sana'ar kwaikwayo ta taso. A ƙasar Filifin, inda jif-jif ɗin da Amurkawa suka bari bayan yaƙi suka zama motocin haya, akwai kamfani mai suna MD Juan da ke buga gangar jikin jif sukutum sabuwa, a tura wa masu sha'awa ko'ina a duniya. Babu wanda ke ganin laifin wannan, domin kowa ya san sabuwa ce.

Mai karatu zai ce to mene ne haɗin wannan da Oshodi? Ga shi nan tafe.

Wanda ya san Legas ya san cewa daga Oshodi in ka miƙe hanyar Apapa, ba ka yi nisa ba za ka tarar da Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota da ba ta da na biyu a wannan yanki, wadda galibin 'yan kasuwarta Ibo ne. A Ladipo kaya suna da daraja hawa-hawa, kuma kowa ya san sunan kowane hawa. Akwai sabo fil na kamfani, akwai tokumbo ko ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai, akwai wanda ake ce wa Taiwan, ko da a Nnewi aka buga shi. Mu Hausawa kuma wurinmu a wannan sarƙa sananne ne. Mu ne 'yan gwangwan masu tura kura unguwa-unguwa muna sayen ƙarfe da alminiyom da jan ƙarfe, mu ne masu awo a bakin sikeli, akwai kuma masu walda da maƙeran zubi a cikinmu. Da safe a taso daga Zangon Agege ko Idi-Araba, da dare a koma.

Ƙanin mahaifiyata yana cikin waɗannan maƙera. A Panteka ta Kaduna ya koyi aiki yana saurayi, inda ake cewa in ka kawo musu abu sau ɗaya suka juya shi a hannu, gobe ka zo ka karɓi ɗan'uwansa. Ya zo Legas shekaru da dama, ya kafa rumfarsa a wani lungu tsakanin Oshodi da Ladipo, da yara shida a ƙarƙashinsa. Asalin aikinsa zubin alminiyom ne da lanƙwasa ƙarfe: marfin wannan, mariƙin wancan, abin da ya karye a tsohuwar mota wanda ba a samunsa a shago. Yadda yake yi kuwa, sai ya danna samfurin a cikin yashi mai laushi da aka cakuɗa da yumɓu a akwati biyu, ya zare shi a hankali ya bar gurbinsa, ya narka tsofaffin fistin a tukunyar ƙarfe, ya zuba. In ya huce a fasa yashin, a goge da zarto. Ya san cewa ƙarfe yana ɗan tsukewa in ya huce, don haka yakan ƙara wa samfurin ɗan kauri da ido kawai, ba tare da wani lissafi a takarda ba.

Ta hannuna ne cinikin Turawa ya shigo masa. Wani da na sani tun a Ingila, dillalin kayan tsofaffin Land Rover ne, ya tambaye ni ko a Nijeriya akan sami ragowar irin waɗanda soja suka yi amfani da su, tunda ya ji an taɓa harhaɗa su a Leyland ta Ibadan. Na ce masa ragowar dai kullum ƙarewa suke a kan sikeli, amma ina da wanda zai iya ƙera masa duk ƙaramin abin da yake nema. Ya aiko da samfura a ɗan kwali: maƙalar jarka, hinjin ƙofa, mariƙin shebur da gatari da ake ɗaurawa a jikin motar soja, da wasu ƙananan ƙarafa na Ferret, wata 'yar mota mai sulke da kamfanin Daimler ya ƙera daga 1952 zuwa 1971. Kawu ya yi su, aka aika, mutumin ya yaba ƙwarai. Aka yi zagaye na biyu, aka yi na uku. Ni ne mai karanta wasiƙa in fassara, ni ne mai zuwa wurin aika kaya. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne a wurinsu, amma in an canza su zuwa Naira sai ka ga oda ɗaya ta biya yaran rumfa na wata biyu, har da ragowar kuɗin makarantar 'ya'yan Kawu.

A zagaye na huɗu ne magana ta canza. Wannan karon ba daga abokin nawa ta zo ba, daga wani ne da ya tura mana. Abu uku yake so. Na ɗaya, a yi masa wasu maƙalai na jif a buga musu ɗan harafin nan na F, har ya aiko da hoton yadda lanƙwasarsa take. Na biyu, a yi masa ƙananan allunan ƙarfe irin waɗanda ake mannawa a jikin motar, masu ɗauke da lambar mota da ranar da aka miƙa ta ga soja, a buga musu lambobin da zai bayar da shekarar 1943. Na uku kuwa, in an gama kada a yi fenti, a jiƙa su da ruwan gishiri a binne a ƙasa na 'yan makonni har su yi tsatsa mai kyau. Ya ce damshin Legas ya fi na ko'ina dacewa da wannan aiki. Zai ninka kuɗin sau uku.

Da na gama fassarawa Kawu ya yi shiru yana goge hannu da tsumma. Can ya ce, "Sake karanta mini na ukun." Na sake. Ya ce, "Wato in yi abu yau, in sa masa rigar tsufa, in rubuta a goshinsa cewa ya girme ni?"

Na ce, "Kawu, shi fa ya san sabo ne. Shi ya ce a yi."

Ya ce, "Shi ya sani. Wanda zai sayar wa fa, ɗana?"

Babban yaronsa, wanda ya kusa yaye, bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan, kuma ba zan ɓoye ba, hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce, "Maigida, mu fa ƙarfe aka ce mu buga, ba mu ne za mu je kasuwarsu mu rantse ba. Mai ƙera wuƙa ba ya bin ta gida ya ga abin da aka yanka. In mun ƙi, gobe wani a Indiya ko nan bayanmu zai yi." Ya ƙara da wata wadda ta fi ci masa rai, ya ce shekara nawa Turawan nan suna turo mana motocin da suka gama mora da kayan da suka ƙi sayuwa a wurinsu, yau don an sami ɗan abin da za mu ci a jikinsu sai a ce tsoron Allah ya hana?

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ga inda tunanina ya tsaya. Kwaikwayo shi kansa ba laifi ba ne, ba a wurinmu ba, ba a wurinsu ba. Jarkar nan da kowane gida yake ɗiban ruwa da ita, Jamusawa ne suka fara ƙera ta ƙarfe a ƙarshen shekarun 1930, Ingilishi da Amurkawa suka gan ta a fagen yaƙi ta fi tasu, suka kwaikwaya ba kunya. Sunan ma daga laƙabin da sojan Ingila ke yi wa Bajamushe ya samo asali, mu kuma muka lanƙwasa shi ya zama jarka. Jif ɗin Ford kanta ai ta Willys ce aka ba shi ya buga. Haka nan gyara ba ya kashe asali. Gidan ƙasa kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, bayan shekara hamsin da wuya ka sami ƙasar farko a fuskar bangon, amma babu mai cewa ba gidan kakansa ba ne. Motar da ta shekara tamanin tana tafiya dole an sauya mata abubuwa, in ba haka ba da tuni ta zama akurkin kaji.

Abin da na fi tunawa shi ne ɗinkin ƙwarya. Lokacin da muke yara a Agege akwai wani tsoho mai zagayawa yana ɗinke fasassun ƙoruka, ya huda da basilla ya ɗaure tsagar tsaf har ta riƙe nono. Ɗinkin nan a fili yake, kowa yana ganinsa, kuma matar da za ta sayi ƙwaryar a hannun wata ta san abin da take saye. Daga baya na gano cewa masana adana kayan tarihi ma a kan haka suka tsaya. Yarjejeniyar Banis ta 1964 kan gyaran tsofaffin gine-gine ta ce abin da aka maye gurbinsa ya dace da sauran ginin, amma a iya bambance shi da na asali, don kada gyara ya yi wa tarihi ƙarya. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da tata yarjejeniyar ta Turin wadda ta fara aiki a 2013, har ta ba da shawarar a riƙa buga haruffa a jikin abin da aka sabunta, kamar NB ga wanda aka ƙera sabo bisa samfurin asali. Ke nan su kansu masu abin sun san bambancin, ba mu ne muka ƙirƙiro musu shi ba.

A kasuwarmu sunan abin da mutumin nan ya nema algus. Mai zuba ruwa a nono, mai sa busasshen hatsi a bakin buhu ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, mai shafa wa tsohon injin baƙin mai don ya rufe tsaga, duk layi ɗaya suke. Bambancin kawai shi ne mu mun saba da mai mayar da tsoho sabo, wannan kuwa sabo yake so a mayar tsoho, shi ya sa abin ya ɗaure wa yaran kai har suna dariya. Amma awon ɗaya ne: mai saye zai biya kuɗin abin da ba shi aka ba shi ba. Batun allon lamba ya ma fi muni. Allon nan shi ne takardar haihuwar mota. Da shi ake cewa wannan jif an miƙa ta ga soja a wata kaza na 1943, da shi ake yi mata rajista, da shi ake gina labarin cewa ta taka ƙasar Faransa ko ta Italiya. Wanda ya sami allo da lamba zai iya ɗaukar gangar jiki daga Filifin, injin daga wani wuri, ya haɗa mota guda wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, ya sayar wa wani tsoho da ya tara kuɗin fanshonsa don ya mallaki irin motar da ubansa ya tuƙa. Gaskiya ne akwai masu yin sabon allo don na motarsu ya ruɓe, kuma suna faɗa. Amma mai wannan niyya ba ya neman allo goma sha biyu masu lambobi daban-daban, ba ya kuma neman a binne su.

Maganar mai ƙera wuƙa kuwa, tana da ƙarfi har zuwa wani wuri. Wuƙa tana da amfani ɗari, ɗaya ne mugu. Tsatsar da aka yi da gangan amfaninta ɗaya tak. In abu ba shi da wani aiki sai ruɗi, to mai yin sa ba zai ce bai san inda za shi ba. Batun ramuwa a kan Turawa kuma, ni ban ga yadda cutar wani ɗan fansho a wani ƙauyen Holan za ta biya mu bashin mulkin mallaka ba, alhali dillalin da ya shirya abin shi zai kwashe ribar, mu a bar mu da ladan binne ƙarfe.

Akwai wani gefen da Kawu ya fi ni damuwa da shi, wanda ni da farko ban ɗauke shi da girma kamarsa ba sai da ya yi mini bayani. Ba ya karɓar aikin birki, ko na sitiyari, ko duk abin da ke riƙe taya. Ya ce shi alminiyom ɗinsa na tsofaffin fistin ne da tukwane, bai san abin da aka gauraya a ciki ba, ba shi da na'urar gwada ƙarfinsa, kuma zubin yashi yakan ɓoye ƴan ramukan iska a ciki waɗanda ido ba ya gani. Maƙalar shebur in ta karye shebur ne zai faɗi. Ferret kuwa nauyinta ya doshi tan huɗu, kuma a wuraren taron nan yara suna yawo a tsakanin motoci. Wanda ya ga abin da jabun birki ke yi a hanyar Legas zuwa Ibadan ba sai an yi masa dogon bayani ba. In har aka buga wa irin wannan abu tambarin kamfani, mai motar zai amince da shi amincewar da bai cancanta ba, domin tambari alkawari ne cewa wani ya gwada.

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda ba na ciniki ba ne. Su waɗannan motoci, na mene ne? A Beltring na ga mutane suna cin ayis-kirim a kan tankar yaƙi, ban kuma ce sun yi laifi ba, da yawansu tunawa da iyayensu suke yi. Mu ma muna da rabo a wannan tarihi fiye da yadda suka sani. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, Hausawa cike a cikinsu, har Hausa ce harshen da yawancin sojan ke magana da shi. 'Yan ta 81 da adda da diga suka sare hanyar jif ta fiye da mil 70 a cikin duwatsu da kurmi zuwa kwarin Kaladan, kayansu kuma a ka suka ɗauka. An ci Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung a Yaba da na Arakan a Apapa, kuma lambobin rundunonin nan biyu suna nan a sojan Nijeriya, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka je suka dawo. Bai taɓa tuƙa jif ba, hanya ya sare mata. In wani ya gyara jif don a tuna da wannan yaƙi, ina so a gyara ta da gaskiya, tunda labarin mutanenmu a ciki dama an riga an taƙaita shi.

Ferret kuwa wani labari ne daban. Ita da yayarta Saladin mai taya shida da igwa a ka, sojan tarayya sun yi aiki da su a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Maƙwabcin Kawu a lungun, wani dattijo Ibo mai sayar da tsofaffin fitilun mota, wata rana ya ga hoton motar a kan benci inda muke duba samfuri. Ya ɗauka ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Hausarsa ta wanda ya taɓa zama a Kano, "Alhaji, wannan na san ta. Ina yaro na gan ta ta shigo garinmu." Bai ƙara komai ba, ya ajiye hoton ya koma shagonsa. Shekara da shekaru suna cin abinci tare da Kawu, suna ba juna ajiyar mabuɗi, amma wannan magana ba ta taɓa haɗa su ba sai ranar. Kawu bai daina aikin ba, shi ma dattijon bai ce a daina ba, sai dai tun daga ranar hotunan suna cikin aljihun tebur.

Mutanen Oshodi ba sa kallon kayan soja a matsayin abin wasa, kuma suna da dalili. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi bindiga, nan kusa da mu, mutane suka ruga cikin duhu ba su san inda suke nufa ba, fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a ruwan Oke-Afa. Su ma Turawan suna da nasu iyakokin. A Jamus doka ta hana nuna alamun 'yan Nazi a fili, kuma a 2015 hukuma ta ciro tankar yaƙi ƙirar Panther daga ƙarƙashin gidan wani tsoho a garin Heikendorf, a 2021 kotu ta yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka da biyan Yuro 250,000. Wato ko a can ba a bar sha'awa ta yi yadda ta ga dama ba.

A nan gida kuma akwai haɗarin da su ba su da shi. A Kent in ka ga mota mai fentin soja ka san wasa ne. A hanyar Birnin Gwari in ka hango ta da dare ba ka san ko su wane ne ba. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma kowa ya ji labarin 'yan fashi da 'yan ta'adda da suka yi shigar soja suka tare hanya. Shi ya sa duk wanda ya zo rumfar Kawu daga cikin gari yana son a yi wa motarsa ƙarafan da za su sa ta yi kama da ta soja, ko wurin ɗaura eriya irin tasu, Kawu yakan ce ya je ya kawo takarda daga bariki. Har yau babu wanda ya dawo da ita. Abin da ake aikawa Turai a kwali, shi ne dai abin da ba za a sayar wa mutumin Mushin ba, kuma na yarda akwai ɗan abin mamaki a nan, amma haka ƙasar take.

Wani abin takaici da wannan ciniki ya buɗe mini ido a kai shi ne namu tsofaffin motocin. Bedford ɗin da suka yi jigilar soja, waɗanda irinsu ne aka mayar bolekaja da molue a Legas, da Land Rover, da manyan motocin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, in sun mutu gwanjo ake yi, 'yan'uwanmu 'yan gwangwan su saya, a sa musu wutar yanka, a auna da kilo, a loda zuwa masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo su dawo a matsayin rodin gini. Na taɓa ganin yaro yana ɓamɓare allon lamba na gaske daga jikin wata tsohuwar Land Rover ya jefa cikin buhun alminiyom. Wato na asalin muna narkawa a kan kuɗin kilo, ana kuma roƙonmu mu ƙera na ƙarya da tsada. Ba na zargin yaron, cikinsa yake nema. Abin da ƙasar ta adana kaɗan ne: gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka kafa a 1985, inda motocin sulken da 'yan Biyafara suka ƙera da hannu suke, sai kuma Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashinta. Ka yi tunanin wani ya sauya ƙofar motar nan da sabuwa ya huda mata ramuka da kansa, ya yi shiru. Ran da aka gane, har ramukan gaskiyar ma sai an yi shakkarsu.

Amsar da Kawu ya ce in rubuta wa mutumin gajeriya ce. Za a yi masa maƙalan yadda yake so, sumul, amma ba F, ba allo, ba binnewa. Ya sa wani mai sassaƙa hatimi ya yi masa ɗan tambarin ƙarfe mai siffar tauraro da haruffan NB, kuma tun daga lokacin duk abin da zai fita ƙasar waje sai an buga masa shi tare da shekarar da aka yi shi, a gefen da ke fuskantar jikin mota, inda ba ya ɓata kyan gani amma duk mai kwancewa zai gani. Mutumin bai sake rubutowa ba. Babban yaron ya yi kwana biyu yana aiki ba ya magana, kuma da aka yaye shi ya buɗe tasa rumfar a wajen Mile 12, ban san irin odar da yake karɓa ba, ban kuma tambaya ba.

Abokina dillalin Land Rover yana nan yana aiko da aiki, ko da yake ba kamar da ba, don kuɗin aika kaya ya yi tsada. Na san sarai cewa tambarin nan minti biyu ya ishi mai injin gurza ƙarfe ya shafe shi, kuma na faɗa wa Kawu haka. Ya ce wanda ya shafe, da hannunsa ya shafe. A wasiƙar da ta zo watan jiya abokin nawa ya ce wasu masu saye suna ƙorafin tauraron ya yi girma, ko za a rage shi kaɗan. Kawu ya ɗauki hinji ɗaya ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya runtse ido ɗaya ya duba, ya ce in gaya masa shi da ya haura sittin ba tabarau yana iya karantawa daga nan, kuma daidai nan yake so ya tsaya. Hinji arba'in ne, jibi zan kai su wurin aikawa a Ikeja.